Yadda ake setin bawul na injin 426 Hemi, giwar motocin Amurka

Duk wanda ya taɓa ɗaga bonet ɗin Dodge Charger ta 1968 ko Plymouth Road Runner ta 1969 ya tarar da 426 Hemi a ciki, ya san abin da ya sa Amurkawa ke ce masa giwa. Silinda takwas gare shi, lita bakwai, ya cika ɗakin injin bango da bango, ga murafun bawul baƙaƙe masu faɗi, wayoyin fulogi suna nutsewa ta tsakiyarsu. Don tsere kamfanin Chrysler ya ƙera shi. A watan Fabrairun 1964 aka shiga da shi gasar Daytona 500, Richard Petty ya zo na ɗaya da Plymouth, na biyu da na uku su ma Hemi ne a cikinsu. Da NASCAR, hukumar da ke shirya gasar, ta ga haka sai ta hana shi shiga tsere a 1965, tunda ba a sayar wa jama'a da shi. Shi ya sa a 1966 aka fito da na hawa kan titi, mai ƙarfin doki 425 da kafireta biyu ƙirar Carter, aka yi ta sa shi a motoci har 1971.

Kamshaf, wato sandar nan mai tudu-tudu da ke juyawa a cikin inji, shi ke ɗaga wani ɗan ƙarfe da ake kira tafet, tafet ya tura sandar turi, ita kuma ta ɗaga gefe ɗaya na roka, ɗaya gefen ya danna bawul ya buɗe. Injinan 1966 zuwa 1969 tafet ɗinsu ƙarfe ne zalla, ba ya daidaita kansa. Dole a bar 'yar tazara tsakanin bakin roka da kan bawul, saboda ƙarfe yana miƙewa in ya ɗau zafi. In tazarar ta yi kaɗan, bawul ba zai zauna daram ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta cinye shi. In ta yi yawa, roka ya riƙa dukan bawul kamar guduma, ƙarfi ya ragu, kamshaf ya fara cinyewa. Iyakar ilimin da kake buƙata ke nan, saura aikin hannu ne.

Ni a kan Peugeot 504 na koyi setin bawul a Kaduna, kafin aiki ya kawo ni garejin gyaran tsofaffin motoci a Amurka. Wanda ya saba da 504 ba zai ji baƙunta sosai ba, don ita ma rufin silindarta kamar ƙoƙo yake, fulogi a tsakiya cikin rami mai zurfi, roka layi biyu. Bambancin, a nan bawul goma sha shida ne, kuma kowane ƙarfe da ka lalata kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Kayan da za ka tanada

Fila-gej, wato wuƙaƙen nan na auna tazara, mai awon inci. In ka sami mai lanƙwasasshen baki ya fi, don akwai lungunan da miƙaƙƙe ba ya shiga da daɗi. Sufana mai zobe daidai notin roka, da sukundireba ko makullin alan, gwargwadon irin kan sukurun da ke jikin injinka. Soket mai inci 1 da kwata da doguwar sanda, na juya karanshaf. Soket ɗin fulogi da dogon hannu. Sabon gasket na murfin bawul guda biyu, da zobban roba takwas na bututun fulogi. Alli ko fenti fari, tef na takarda, tef ɗin awo irin na tela, tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, tocila, da littafi da biro. Ka shimfiɗa bargo a kan fenda, don za ka daɗe kana jingine a kanta, kuma kan bel ɗinka kaɗai ya isa ya karce fentin da aka kashe wa dukiya.

Awon kamfani, inji yana sanyi: bawul ɗin shigar mai inci 0.028, bawul ɗin fitar hayaƙi inci 0.032. In fila-gej ɗinka na milimita ne, 0.70 da 0.80 sun yi kusa ƙwarai, za su yi maka aiki. In na inci ne amma babu waɗannan lambobi, haɗa biyu: 0.015 da 0.013 su ba ka 0.028 (28 a taƙaice), 0.020 da 0.012 su ba ka 0.032 (32 a taƙaice). Goge su tas kafin ka haɗa, don ɗigon mai a tsakani ƙari ne.

1. Tabbatar da abin da ke cikin injin

Kada ka kwance noti ko ɗaya sai ka yi wannan. Harafi na biyar a lambar shasi yana faɗin injin da motar ta fito da shi: H a 1966, J daga 1967 zuwa 1969, R a 1970 da 1971. Na 1970 da 1971 tafet ɗinsu da matsin baƙin mai yake aiki, ba a auna masa tazara da fila-gej, wannan bayanin ba nasu ba ne. To amma mota ta haura shekara hamsin, ta bi hannaye da yawa, lamba ba ta isa shaida ba. Tambayi mai motar ko an taɓa sauya kamshaf. In an sauya, akwai 'yar takarda da ke zuwa tare da shi mai ɗauke da awonsa, kuma ita ce alƙali, ba awon kamfani ba. Duba ko ta ce a auna da zafi ko da sanyi. Haka in an sa kan silinda na alminiyam, don miƙewarsa ba irin ta ƙarfe ba ce. In babu takarda kuma babu wanda ya sani, to a mataki na 5 za ka gane: tafet mai aiki da mai ba ya barin tazara, roka zai kasance a ɗame ko da bawul yana rufe.

2. Bari ya kwana

Sanyi na nufin motar ta kwana ba a tayar da ita ba. Ba wai ka kashe ta ka je ka ci abinci ka dawo ba. Giwar nan ƙarfe ce mai kauri, tana riƙe zafi a cikinta ko da ka taɓa murfi ka ji ya huce. Ni da yamma nake shigo da mota inda zan yi aiki, in same ta da safe. Cire wayar batir ta negatib, sa giya a firi in mai kuloci ce, ja birkin hannu, ka sa waigi a tayoyi.

3. Wayoyi, fulogi da bututu

Lambobin silinda: in kana zaune a kujerar direba, na hagunka daga gaba zuwa baya su ne 1, 3, 5, 7, na dama kuma 2, 4, 6, 8. Liƙa wa kowace waya tef ka rubuta lambarta kafin ka zare. Kama ta ta wuyan roba ka murɗa kaɗan sannan ka ja, kada ka fizgi wayar kanta. Cire babbar tukunyar iska da ke kan kafireta, ka toshe bakunan kafiretocin da tsumma. Ƙaramin noti in ya faɗa nan, aikin awa uku ya koma na mako guda.

Kowane fulogi yana zaune a gindin wani bututu da ya ratsa murfin bawul, kuma fulogin ne ya danne bututun. Haska tocila ka ga ko akwai ƙasa ko mai a ciki, ka share kafin ka kwance. Cire fulogi, sannan ka murɗa bututun ka zaro shi a hankali. Ɗan mai zai gangara cikin silinda, ba makawa, kada ya dame ka. Jera fulogi takwas ɗin bisa lambobinsu a kan kwali ka dube su. Wanda ya fita daban da 'yan'uwansa, ya yi baƙi ƙirin ko fari fat, riƙe lambarsa a ranka, sau da yawa a wannan silindar za ka tarar da matsalar bawul.

4. Ɗaga murafu

Kwance notocin murfi ka zuba su a gwangwani. In murfin ya kama, buga gefensa da tafin hannu ko gudumar roba. Kada ka cusa sukundireba ka ɓanɓare, leɓen zai lanƙwashe, daga ranar kuma ba zai daina yoyo ba. Na ɓangaren direba shi ne mai wahala. A motocin da ke da tukunyar ƙarin ƙarfin birki, sau da yawa sai ka sassauta masta, wato famfon man birki, ka matsar da ita kafin murfin ya sami hanyar fita. Yi haƙuri ka yi hakan, ya fi ka kankare baƙin fentin murfin.

Da ka buɗe, tsaya ka kalla. Za ka ga sanda biyu, kowace da jerin roka. Gajerun roka na bawul ɗin shigar mai ne, suna ɓangaren kafireta. Dogayen su ne na fitar hayaƙi, sun miƙa hannu zuwa ɓangaren salansa. Riƙe wannan da kyau, don kuskuren da sabon hannu ya fi yi shi ne ya sa wa dogo 28 ya sa wa gajere 32. Duba ko akwai sifirin da ya karye, ko ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli a cikin man da ya kwanta. In ka ga ɓurɓushi, ajiye fila-gej, maganar ta wuce seti.

5. Nemo inda za a auna

Nan ne zuciyar aikin. Ana auna tazara ne kawai lokacin da tafet yake zaune a bayan kamshaf, inda babu tudu ko kaɗan. In ka auna yana kan gangaren tudu, awon ƙarya ne, kuma in ka yi seti a kansa ka ɓata wanda yake daidai. Hanya biyu ce.

Ta farko ita nake koya wa sabon yaro. A gaban injin akwai fulin karanshaf mai nauyi, da tsaga ɗaya a jikinsa, da ɗan ƙarfe mai lambobi a gefensa. Zagaya fulin da tef ɗin tela, raba tsawon gida huɗu, ka sa alamar alli a kowane kwata, farawa daga tsagar. Yanzu sa soket ka juya injin yadda hannun agogo ke tafiya, kana tsaye a gabansa. Da yake babu fulogi, zai juya ba gardama. Kawo tsagar kan sifili. A wannan wuri, ko dai silinda 1 ce ke shirin kama wuta ko silinda 6. Don ka bambance, girgiza sandar gaba da baya kaɗan kana kallon roka: in na silinda 6 ne suke motsi, ɗaya na rufewa ɗaya na buɗewa, na silinda 1 kuma suna tsaye shiru, to ka samu. In akasin haka ne, ƙara zagaye ɗaya cikakke. Daga nan za ka auna bawul biyu na silinda 1, ka juya kwata, ka koma ta gaba bisa jerin kama wuta: 1, 8, 4, 3, 6, 5, 7, 2. Zagaye biyu na karanshaf, ka gama takwas ɗin.

Sai dai fulin nan ƙarfe biyu ne da roba a tsakani. In robar ta tsufa, zoben waje yakan zame, tsagar ta bar gurbinta. In ka ga robar ta tsattsage ko ta bulluƙo waje, kada ka amince da alamar.

A nan hanya ta biyu take shigowa, kuma ita nake bi a duk injin da aka sa wa kamshaf na tsere. Ba ruwanka da fuli, roka kawai za ka kalla, silinda ɗaya bayan ɗaya. Juya har dogon roka ya fara danna bawul ɗin hayaƙi, da ya fara ka tsaya, ka auna na shigar mai. Ci gaba da juyawa, na shigar mai zai buɗe gaba ɗaya ya kama hanyar rufewa. In ya kusa gama rufewa ka tsaya, ka auna na hayaƙi. Ta fi cin lokaci, kafaɗa kuma za ta gaya maka, amma ba ta ƙarya.

In ka zarce alama, kada ka ja da baya kai tsaye zuwa kanta. Koma baya sosai sannan ka sake tahowa gaba, don sarƙar tayimin tana da ɗan sako-sako, kuma ja da baya da ƙarfi yana iya sassauta notin fulin.

6. Auna kafin ka taɓa

Kowane bawul, fara gano nawa yake a yanzu ka rubuta, sannan ka gyara. Mutane suna tsallake wannan don gaggawa, alhali a nan injin yake faɗa maka lafiyarsa. In duk sun kauce da ɗigo ɗaya ko biyu, wato inci 0.001 ko 0.002, wannan tafiyar yau da gobe ce. In guda ɗaya ya buɗe fiye da sauran nesa ba kusa ba, zargi tudun kamshaf ya fara cinyewa ko sandar turi ta lanƙwashe. In na hayaƙi suna ta matsewa duk lokacin da ka duba, mazaunin bawul ne yake nutsewa cikin kan silinda. Injinan nan an yi su ne a zamanin fetur mai dalma, wadda ke kare mazaunin, kuma tun 1996 aka hana sayar da irinsa ga motocin titi a Amurka.

An taɓa kawo mana wata Coronet R/T da aka yi wa seti a wani wuri sau uku cikin 'yan watanni, kullum bawul ɗaya na silinda 7 yana dawo da ƙara. Kowane zuwa sai a ɗaure shi a sallami mai ita. Da na auna, tazarar ta kusa ninka ta kamfani. Muka zare tafet ɗin, gindinsa ya rarake kamar cokali, tudun kamshaf ya zama sumul, garin ƙarfen kuma ya bi mai ya zaga injin duka. Da an rubuta awon tun zuwan farko, da an kama shi kafin garin ƙarfen ya kai ga biyarin injin. Mai motar dattijo ne, tun yana saurayi yake da ita, na ga yadda ya tsaya yana juya tafet ɗin a hannunsa bai ce komai ba.

7. Setin kansa

Zura fila-gej tsakanin bakin roka da kan bawul, a kwance, ba a karkace ba. Sassauta notin da ke ɗaya ƙarshen rokan kaɗan, rabin juyi ya isa. Kada ka warware sukurun da yawa, don ƙwallon da ke ƙasansa yana zaune ne cikin ƙoƙon sandar turi, in ya fita sandar za ta kauce. Juya sukurun a hankali kana jan fila-gej gaba da baya da ɗaya hannun.

Abin da kake nema ji ne, ba gani ba. Wuƙar ta riƙa tafiya da ɗan riƙo, kamar kana zare takarda daga tsakiyar littafi mai kauri da aka rufe. In tana shiga salalab ba ta taɓa komai, ya yi sako. In sai ka tura tana lanƙwashewa, ya matse, kuma mai yiwuwa ma ka fara danna bawul ɗin ba ka sani ba. Kafin hannunka ya saba, yi amfani da shaida biyu: a na shigar mai 28 ta shiga, 30 ta ƙi. A na hayaƙi 32 ta shiga, 34 ta ƙi.

Da ka samu, riƙe sukurun kam, ka ɗaure notin da sufana. Sannan ka sake aunawa. Ɗaure noti yakan ja sukurun ya sauya tazarar, kusan kullum. In ya sauya, sake sassautawa ka ba shi ɗan rangwame ta ɓangaren da ya gudu. Wani bawul sau ɗaya zai zauna, wani sai ka yi sau huɗu. Wanda ka gama, ɗiga masa alli a bayan roka.

Abu ɗaya da ke yaudarar ko tsohon hannu: bakin rokan da ya daɗe yana aiki yakan yi ɗan kwarmi daidai inda yake taɓa bawul. Fila-gej mai faɗi sai ta haye kan kwarmin kamar gada, ta nuna maka daidai alhali akwai sauran rami a ƙasa. In ka yi seti tsaf amma bawul bai daina ƙara ba, shafa bakin rokan da farce. In ka ji gaɓa, sai an fitar da shi an gyara fuskar ko an sauya.

In dole sai ka kauce, gara ya ɗan yi sako da ya matse. Ƙara kunne take damu, matsi kuwa bawul yake ƙonawa, kuma shiru yake yin ɓarnarsa.

8. Zagaye na biyu

Bayan sha shidan sun sami alli, sake bi daga farko, aunawa kawai. Taɓa kowane noti da sufana ka ji ya ɗauru. Cire soket da sanda daga kan fulin yanzu-yanzu, kada ka ce sai anjima. In aka tayar da inji da su a wurin, lagireto da fanka ne za su biya.

9. Rufewa

Kankare tsohon gasket daga leɓen murfi da kan silinda, kana tare ɓurɓushin da tsumma kada ya faɗa ciki. Ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a leɓen murfin. In wajen ramukan noti ya lotsa saboda ɗaurin wani, daddale shi a kan katako da ƙaramar guduma. In ba ka sami sabon gasket ba kuma tsohon bai karye ba, yana da laushi, zai iya komawa na ɗan lokaci da siririn gam ta ɓangaren murfi kaɗai. Zobban bututu kuwa in sun bushe ba su da magani sai sabo. Zuba ɗan baƙin mai a kan roka da sifirin kafin ka rufe. Ɗaure notocin daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, da ƙarfin yatsu da wuyan hannu. Ɗauri mai tsanani shi ke kawo yoyo, ba ya hana shi.

Shafa wa zobban mai, mayar da bututu, sannan fulogi. A tsarin kamfani gindin bututun shi ne wosha, ba a ƙara wa fulogi wani zoben. Fara ɗaura kowane fulogi da hannu, da soket da dogon hannu kawai ba tare da sanda ba, sai ya shiga juyi da yawa lafiya sannan ka ɗaure. Mayar da wayoyi bisa lamba. In tef ya faɗi ka rikice, ka tuna rotar distiributa a wannan inji saɓanin hannun agogo take juyawa, bi jerin nan na 1, 8, 4, 3, 6, 5, 7, 2. Wayar 5 da ta 7 kada su kwanta a jikin juna, don suna maƙwabtaka kuma a jere suke kama wuta, ɗaya na iya satar wutar ɗaya. Zare tsummokaran kafireta, ƙirga su, mayar da tukunyar iska da masta ɗin birki, ka taka birki ka ji ya yi tauri kafin ka haɗa batir.

10. Tayarwa da saurare

Zai yi hayaƙi shuɗi na 'yan mintoci, man da ya gangara ne yake ƙonewa. Idonka a kan agogon matsin mai. Bar shi a silo ya ɗau zafi, kana zagayawa da tocila kana duba gindin murafu, musamman ta baya inda mai ke ɗiga kan bututun hayaƙi mai zafi. Hemi mai tafet ɗin ƙarfe ba ya yin shiru, kuma ba a so ya yi. Sautin da kake nema kamar keken ɗinki ne a hannun gwanin tela, ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ɗara wani. In akwai guda da ke fita daban, ɗora bakin doguwar sukundireba a kan murfi, kunnenka a kan ƙotar, ka bi silinda ɗaya-ɗaya har ka kama shi. Kada ka buɗe a lokacin, bari ya sake kwana.

Baƙin man da za ka riƙa zuba masa ya zama mai sinadarin zinki isasshe, irin wanda ake yi don tsofaffin injina, saboda tafet mai shafaffen gindi gogayya yake yi da kamshaf kai tsaye, kuma yawancin man motocin zamani an rage musu wannan sinadarin. Ni nakan sake duba tazarar sau ɗaya a shekara ga motar da ake fita da ita jefi-jefi, wadda ake kai wa filin tsere kuwa bayan kowace fita. Rubuta kwanan wata, da lambar mil da ke kan agogo, da awo sha shida na kafin gyara da na bayansa, ka sa littafin a aljihun dashbod don wanda zai buɗe murfin nan gaba ya tarar da shi.